Matashin Ɗan Baya: Yawan Wasa Ya Fi Girman Kulob

Duk lokacin da labari ya fito cewa wani babban kulob na Turai ya sayi matashin ɗan wasa, abu biyu ake fara tambaya: nawa aka biya, kuma wane kulob ne. Idan kuɗin ya yi kauri, sunan kuma ya yi nauyi, sai a ce yaro ya tsallake. Wannan lissafi yakan yi daidai a kan ɗan wasan gaba, amma a kan mai tsaron baya sau da yawa yaudara ne. Tarihin ƙwallon ƙafa na shekaru talatin da suka wuce ya nuna cewa abin da ke gina ɗan baya shi ne yawan wasannin gaske da ya buga a matakin da ya dace da ƙarfinsa, yana hawa daga wannan mataki zuwa na gaba ba tare da tsallake ba. Wanda ya fara sana'ar yana ɗan shekara 18 ko 19, babbar dukiyarsa ita ce mintunan da yake samu a fili kowane mako, kuma duk shawarar da za ta rage masa waɗannan mintuna, ko da ta zo da riga mai tarihi, tana bukatar a dube ta da idon basira.

Dalilin yana cikin aikin kansa. Ɗan gaba yana iya rayuwa da baiwar da aka haife shi da ita: gudu, yanka, ƙarfin ƙafa. Idan ya gwada sau goma ya ci ɗaya, shi ne gwarzon ranar, kuma ba wanda zai tuna da taran da ya ɓarar. Ɗan baya kuwa idan ya tare sau goma ya kuskure ɗaya, wannan ɗayar ce za a yi ta maimaitawa a talabijin har mako ya zagayo. Mafi yawan aikinsa ma ba ya bayyana ga mai kallo: inda ya tsaya kafin a bugo ƙwallo, lokacin da zai matsa gaba domin a kama abokin hamayya da satar gida, lokacin da zai ja da baya, wanda zai bi da wanda zai bar wa abokin aikinsa. Duk waɗannan hukunci ne da ake yankewa cikin ƙiftawar ido, kuma ba a iya su sai an ga irin yanayin sau ɗaruruwa. Shi ya sa ɗan gaba yake kamar gero, wanda kan nuna tun ruwa bai ɗauke ba, ɗan baya kuma kamar dawa, wadda sai kaka ta yi nisa take cika ido. Shekarun manyan 'yan wasa sun tabbatar da haka. Ronaldo na Brazil ya ɗauki kyautar Ballon d'Or yana da shekara 21, Messi ya fara ɗauka yana da 22, Mbappé ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2018 yana da 19. Fabio Cannavaro na Italiya kuwa, ɗan baya na ƙarshe da ya ɗauki wannan kyauta, ya same ta ne a 2006 yana da shekara 33. Thiago Silva ya ɗaga Kofin Zakarun Turai da Chelsea a 2021 yana da 36, Pepe na Fotugal kuma ya buga gasar ƙasashen Turai ta 2024 yana da 41.

Daga nan ne matsalar matashin take farawa. Tunda kuskuren ɗan baya kai tsaye yake zama ƙwallo a raga, kocin babban kulob, wanda shi ma kujerarsa ke rawa da zarar an doke shi sau uku a jere, ba ya son yin gwaji a wannan gurbi. Matashin ɗan gaba ana iya sako shi saura minti ashirin a tashi, ya ɗan taɓa, ya saba da filin da hayaniyar 'yan kallo. Ɗan bayan tsakiya ba a cika canza shi ana cikin wasa ba sai idan ya ji rauni ko ya kusa karɓar jan kati, domin shi da abokin tsayuwarsa da mai tsaron raga sun zama kamar abu guda, kuma taɓa ɗaya yana rikita sauran. Ko da aka mayar da canjin 'yan wasa biyar doka ta dindindin a 2022, yawancin canjin a gaba da tsakiya ake kashe shi. Ke nan matashin da ya je kulob mai manyan 'yan baya uku ko huɗu a gabansa zai iya shafe kaka guda bai buga wasan lig goma ba. Yana bukatar wasa domin ya ƙware, ana kuma hana shi wasa domin bai ƙware ba. Hanyar fita daga wannan tarko ita ce ya kasance a inda ake bukatarsa, inda idan ya yi kuskure ranar Asabar za a gyara masa ranar Litinin, a sake sa shi Asabar mai zuwa.

Aikin kuma ya ƙara nauyi a kan yadda yake a da. Kafin 1992 ɗan baya idan ya shiga matsi sai ya mayar wa gola ƙwallo ya kama da hannu, magana ta ƙare. A shekarar aka hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. A 2019 kuma aka sauya dokar bugun gola, aka yarda ɗan baya ya karɓi ƙwallo tun tana cikin yadi na 18. Tun daga lokacin yawancin manyan kulob suke fara gina hari daga bakin ragarsu, 'yan gaban abokan hamayya kuma suna rufowa a guje. Ɗan bayan yau dole ya iya karɓar ƙwallo ana binsa, ya ɗaga kai ya ga wanda ke sake, ya ba da ita daidai da kowace ƙafa. Dole kuma ya iya tsayawa kusa da layin tsakiya, da fili mai faɗi a bayansa, ya yi tseren gudu da mafi saurin 'yan wasa. Na'urar VAR ta zo ta rufe ƙofar 'yan dabarun da aka saba, irin su riƙe riga da tura mutum a ɓoye lokacin bugun kwana. Darasin da matashi zai koya ya ninka, lokacin koyo kuwa bai ƙaru ba.

Virgil van Dijk shi ne misali mafi bayyana na mai hawa a hankali. An haife shi a Breda ta ƙasar Holan a 1991, ya taso a makarantar Willem II ba tare da ya buga wa babbar ƙungiyarsu ba, har yana wanke kwanuka a gidan abinci domin samun na kashewa. Ya koma Groningen a 2010, ya fara buga lig a 2011 yana da shekara 19. A 2013 manyan kulob na ƙasarsa ba su ɗauke shi ba, sai Celtic ta Sikotland ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 2.6. A can ya yi kaka biyu yana buga kusan kowane wasa, ya ɗauki lig sau biyu, ya ɗanɗana gasar Zakarun Turai. A 2015 Southampton ta biya kimanin fam miliyan 13, ya shiga gasar Firimiya a kulob ɗin da ba a matsa masa lallai sai ya kawo kofi ba. Sai a Janairun 2018, yana da shekara 26, Liverpool ta biya fam miliyan 75, kuɗi mafi yawa da aka taɓa biya a kan ɗan baya a wancan lokaci. Cikin shekara biyu da rabi ya ɗauki Kofin Zakarun Turai da na Firimiya, kuma a 2019 maki bakwai kacal suka raba shi da Messi a zaɓen Ballon d'Or. Abin lura shi ne kowane kulob da ya je ya ɗara na baya wuya kaɗan, kuma a kowanne shi ake fara rubutawa a jerin 'yan wasa. Kalidou Koulibaly, wanda ya jagoranci Senegal ta ɗauki Kofin Afirka a Kamaru a 2022, irin hanyar ya bi: Metz a Faransa, Genk a Beljiyam, sannan Napoli a 2014, inda ya yi shekara takwas.

Ga wanda babban kulob ya riga ya saya, hanyar da ta rage ita ce aro, kuma aro iri biyu ne. William Saliba yana da shekara 18 Arsenal ta saye shi daga Saint-Étienne a 2019 a kan kimanin fam miliyan 27. Ta bar shi a can ya ƙara kaka guda, daga baya ta tura shi Nice, sannan Marseille. Duka ukun a lig ɗin Faransa suke, a harshen da yake ji, a salon wasan da ya sani, kuma kowanne ya fi na baya matsi. A Marseille ya buga kusan dukan kakar 2021 zuwa 2022, ƙungiyar ta zo ta biyu, aka zaɓe shi gwarzon matashin lig ɗin, Faransa kuma ta kira shi. Sai a Agustan 2022, shekara uku bayan sayensa, ya buga wa Arsenal wasan farko na gasa, kuma ya shigo a matsayin cikakken ɗan wasa. A kakar 2023 zuwa 2024 bai rasa ko minti ɗaya ba a wasannin Firimiya 38, kuma Arsenal ce aka zura wa ƙwallaye mafi ƙaranci, guda 29.

A gefe guda ga Kenneth Omeruo na Nijeriya. Chelsea ta saye shi a Janairun 2012 yana da shekara 18. Bayan shekara guda, yana da 19, ya tsaya a tsakiyar bayan Super Eagles tare da Godfrey Oboabona a ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, suka doke Burkina Faso da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 2013. Ba wanda zai ce baiwar ba ta nan. Amma a shekara bakwai da ya yi a matsayin ɗan Chelsea bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. An tura shi ADO Den Haag a Holan, Middlesbrough a Ingila, Kasimpasa da Alanyaspor a Turkiyya, sannan Leganés a Sifaniya, wadda ta saye shi a 2019. Kulob biyar ke nan a ƙasashe huɗu, kowanne da harshensa da kocinsa da abokin tsayuwa sabo. Omeruo ya yi sana'a mai mutunci, ya je Kofin Duniya sau biyu, kuma ba a kiran irin wannan faɗuwa. Sai dai aron nasa bai nufi wata ƙofa da za ta buɗe a ƙarshe ba, alhali na Saliba kowane zango shiri ne na komawa gida. Yawaitar irin wannan tara matasa ana rarraba su ne ya sa FIFA ta fara taƙaita aro tsakanin ƙasashe daga 2022, har adadin ya sauko zuwa shida daga 2024, ban da matasan da kulob ya raina da kansa.

Ba sai an je nesa ba wajen neman wanda ya bi matakala ya isa. Zaidu Sanusi, ɗan Jega a jihar Kebbi, wanda aka haifa a 1997, ya shiga Fotugal ta ƙaramar ƙofa. Ya fara da Gil Vicente, ya yi wasa a Mirandela da ke rukuni na uku, inda ba kyamara ba taron jama'a, sannan a 2019 ya koma Santa Clara da ke tsibiran Azores, ya buga babban lig. Bayan kaka guda Porto ta saye shi a 2020 yana da shekara 23. A watan Mayun 2022 shi ne ya ci ƙwallon da ta doke Benfica a gidanta ana dab da tashi, ƙwallon da ta ba Porto kofin lig na shekarar. William Troost-Ekong ma bai samu gurbi a Tottenham ba inda ya yi ƙuruciyarsa. Ya bi ta Groningen da Dordrecht a Holan, Haugesund a Norway, Bursaspor a Turkiyya, Udinese a Italiya. A Fabrairun 2024, yana da shekara 30, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa, inda shi da Zaidu suka kai wasan ƙarshe da Super Eagles.

Mai ja da wannan magana zai kawo sunaye, kuma yana da hujja. Matthijs de Ligt yana kyaftin ɗin Ajax, yana da shekara 19, ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai ta 2019. Raphaël Varane ya tafi Real Madrid daga Lens a 2011 yana da 18. Pau Cubarsí ya fara buga wa Barcelona a Janairun 2024 bai cika 17 ba. Amma idan aka duba da kyau, waɗannan ba su rushe ƙa'idar ba. De Ligt kafin ya bar Ajax ya riga ya buga mata wasa sama da 100, wato ya tara a shekara 19 abin da wasu ba sa tarawa sai sun kai 23. Duk da haka da ya koma Juventus ya sha wahala a farkon zuwansa, kuma cikin shekara biyar ya sauya kulob sau uku. Cubarsí ya taso ne a makarantar Barcelona tun yana yaro, yana buga salon da babbar ƙungiyar ke bugawa, ga shi kuma ya zo a lokacin da matsalar kuɗi ta tilasta wa kulob ɗin dogaro da 'ya'yan gida. Varane ya shiga a hankali, a gefen Pepe da Sergio Ramos, kuma an ba shi wasanni na gaske tun da wuri. Abin da ya haɗa su duka shi ne sun samu fili. Ba ƙarancin shekaru ne ke hana ɗan baya ba, ƙarancin wasa ne. Kuma bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai matasa da yawa da aka saya da irin wannan fata, waɗanda ba a tuna sunansu domin ba a taɓa ganinsu a fili ba.

Wani zai ce ai atisaye kullum da manyan 'yan wasan duniya shi ma makaranta ne, wanda ke tare Salah ko Haaland kowace safiya ya fi wanda ke buga lig ɗin Beljiyam koyo. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Atisaye yana gyara ƙafa, yana ƙara sauri, yana nuna wa yaro yadda ƙwararru ke kula da jikinsu da abincinsu da barcinsu. Abin da ba ya koyarwa shi ne yadda mutum zai yi idan ya jawo fenariti a minti na goma, dubban mutane suna yi masa ihu, ga sauran minti tamanin a gabansa. Ba ya koyar da yadda ake wasa da katin gargaɗi a wuya, ko yadda ake riƙe ci ɗaya a gidan abokan hamayya lokacin da ƙafafu suka yi nauyi. A filin atisaye ba a faɗuwa daga lig, ba a korar koci, abokin wasa kuma ba ya shigowa da niyyar ya ji maka. Natsuwar da ake yabon manyan 'yan baya da ita daga kura-kuran da suka yi a gaban jama'a ta samo asali, kuma wanda bai taɓa biyan kuɗin kuskurensa ba bai gama koyo ba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta kuɗi, kuma bai kamata a raina ta ba. Yaron da ya fito daga gidan da ake haɗa kuɗin cefane da ƙyar, aka ajiye masa kwantiragin shekara biyar da zai gina wa iyayensa gida ya biya wa ƙannensa makaranta, da wane baki za a ce masa ya jira? Rauni kuma ba ya sallama. Van Dijk kansa ya tsinke jijiyar gwiwa a Oktoban 2020 ya rasa sauran kakar, Zaidu ma ya gamu da irin wannan a 2024. Da a farkon tafiya abin ya same su, da labarin ya iya zama daban. Amsar ita ce ba a ce yaro ya ƙi arziki ba, an ce ya san abin da yake sayarwa. Sana'ar ɗan baya takan kai shekara goma sha biyar ko fiye, kuma kuɗi mafi tsoka yana cikin kwantiragi na biyu da na uku, waɗanda ake sa wa hannu tsakanin shekara 23 da 29, bisa abin da aka ga mutum ya yi a fili. Wanda ya ƙone shekara uku a benci zai zo teburin ciniki na biyu hannu wofi. Idan kuma dole ne a karɓi tayin babban kulob, to a karɓe shi da sharaɗi: a san inda za a kai shi aro tun kafin a sa hannu, a san kocin can yana son sa, a san mutum nawa ke gabansa a gurbinsa da shekarun kowannensu. Dillalin ɗan wasa yana samun lada ne a kan ciniki, saboda haka ba lallai ne bukatarsa ta zo ɗaya da ta yaron ba. Iyaye da masu ba da shawara su ne ya kamata su yi waɗannan tambayoyi.

Wannan duka yana da darasi ga masu horar da yara a filayenmu na unguwa da makarantun ƙwallo. Har yanzu a wurare da yawa yaron da ya fi girman jiki ake turawa baya, a ce masa aikinsa shi ne ya buga ta waje. Irin wannan tarbiyya tana fitar da mai ƙarfi da ba ya iya ba da ƙwallo, kuma kasuwar yau ba ta sayensa. Ɗan baya yana bukatar a koya masa amfani da ƙafa biyu, da ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso, da yi wa abokan wasa magana, tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Dokar FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18 sai a 'yan yanayi ƙalilan, saboda haka shekarun da ke kafin nan a gida za a yi su, kuma bai kamata a ɓata su wajen jiran biza da gwaji a wurin dillalai ba. Lig ɗin gida fili ne na gaske. Oboabona yana Sunshine Stars ta Akure lokacin da ya ɗauki Kofin Afirka, Shehu Abdullahi na Sakkwato kuma daga Kano Pillars ya fita har ya kai ga lambar tagulla a wasannin Olamfik na 2016, ya kuma je Kofin Duniya na 2018. Kaka biyu cikakku a gaban 'yan kallon Kano ko Aba sun fi shekara biyu a ƙungiyar matasa ta wani kulob da ba ya da niyyar amfani da kai.

Saboda haka idan za a auna ci gaban matashin ɗan baya, a bar tambayar wace riga ya sa, a tambayi wasa nawa ya fara a kakar da ta wuce, da wa ya kara, kuma ko matakin da yake kai yanzu ya ɗara na bara wuya. Mai shekara 21 da ya buga wasan lig 80 a Beljiyam ko Fotugal ko Nijeriya yana gaban takwaransa da ke zaune a bencin zakarun Ingila, ko da albashinsu bai zo ɗaya ba a yau. Yaron ba zai iya riƙe wannan haƙuri shi kaɗai ba, alhali dangi da abokai da magoya baya suna ƙirga masa nasara da sunan kulob. Nauyi ne a kan koci da iyaye da 'yan jarida da masu kallo su daina kiran ƙaramin kulob koma baya, domin ga mai wannan gurbi, a irin waɗannan wurare ake koyon aikin da manyan kulob ke zuwa su biya miliyoyi a kansa daga baya.